Zogale a Madadin Nama: Amfaninsa, Iyakarsa da Hanyoyin Kauce wa Illa a Yammacin Zamfara

Gabatarwa

Duk wanda ya ratsa kasuwannin Anka da Gummi da Bukkuyum da damina zai ci karo da masu tallar dafaffen zogale, kowace da kwanonta na garin ƙuli-ƙuli da yaji da albasa a gefe. Kwaɗon zogale abinci ne da aka gada kaka da kakanni a ƙasar Hausa. A da ana kallonsa a matsayin abincin talaka, wanda ake tunawa da shi idan rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi kuma bai nuna ba. A yau garinsa ya shiga kantunan Turai da Amurka, har wasu masu tallarsa na cewa yana iya maye gurbin nama.

Wannan magana tana da nauyi ƙwarai a yammacin Zamfara. Satar shanu da rashin tsaro, waɗanda suka tsananta tun daga wajejen 2011, sun raba iyalai masu yawa da dabbobinsu da gonakinsu. A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci a Nijeriya ta haura kashi 40 cikin 100, nama ya fi ƙarfin gidaje da dama. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa da aka gudanar a 2018 ya nuna cewa kashi 37 cikin 100 na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a shiyyar Arewa maso Yamma kuwa adadin ya kai kashi 57. Uwar da ta kasa sayen nama tana buƙatar sanin ko ganyen da ke bayan ɗakinta zai isar wa 'ya'yanta.

Akwai kuma tambaya ta biyu, wadda mutanen Tungar Daji da maƙwabtansu suka fi kowa sanin ɗacinta tun bayan annobar gubar dalma ta 2010: ta yaya za a tabbatar cewa abincin da aka shanya, aka daka a cikin gida bai zama guba ba? Wannan maƙala za ta duba tambayoyin biyu bisa abin da binciken kimiyya ya tabbatar.

Asalin zogale

Masana tsirrai suna kiran zogale da sunan Moringa oleifera. Asalinsa daga arewacin Indiya ne, a gindin duwatsun Himalaya, kuma shi ne mafi shahara a cikin nau'o'i 13 na danginsa. Hausawa suna kiransa zogale ko zogala, wasu kuma su ce bagaruwar Makka, sunan da ke nuna cewa tun da can an san baƙo ne da ya fito daga gabas. Ya samu karɓuwa domin yana jure fari, yana girma da sauri, ana iya shuka shi da iri ko a dasa reshensa, shi ya sa ake yawan yin shinge da shi. Abin da ba ya so shi ne ƙasar da ruwa ke kwanciya a cikinta. Da rani yakan zubar da ganye in ba a ba shi ruwa ba, amma a lambunan fadama, kamar na Jiratawa kusa da Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, ana tsinkar ganyensa duk shekara a kai kasuwa.

Mene ne furotin?

Furotin shi ne sinadarin gina jiki. Da shi ake gina tsoka da fata da gashi, da shi ake haɗa himogulobin, wato sinadarin da ke ɗaukar iska a cikin jini, da shi kuma jiki ke ƙera makaman yaƙi da cututtuka. Kowane furotin sarƙa ce ta ƙananan sinadarai da ake kira amino asid. Nau'o'insu 20 ne, jikin ɗan Adam yana iya haɗa 11 da kansa, sauran 9 kuwa tilas ne su fito daga abinci. Ana iya kwatanta su da kayan gini: ko da magini ya tara tubali dubu, in ya rasa azara, ɗaki ba zai rufu ba. Haka jiki yake, idan amino asid ɗaya ya yi ƙaranci, ginin yakan tsaya a iyakar wannan ɗayan, sauran kuma a ƙona su don samar da ƙarfi.

Rahoton haɗin gwiwa na Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2007 ya ƙayyade cewa baligi yana buƙatar giram 0.83 na furotin a kan kowane kilogiram na nauyin jikinsa a kowace rana. Ke nan mai nauyin kilogiram 60 yana buƙatar kimanin giram 50. Mai juna biyu da mai shayarwa suna buƙatar ƙari, yara ƙanana ma, in aka auna da nauyinsu, buƙatarsu ta ɗara ta manya. Rashin wadataccen abinci mai gina jiki shi ke kai yaro ga tamowa. Nau'in tamowar da ke kumbura ƙafafu da fuska, ya sauya launin gashi, likita Cicely Williams ce ta bayyana shi a rubuce a 1933 lokacin da take aiki a ƙasar da a yau ake kira Gana, kuma a 1935 ta ba shi sunan da mutanen Ga ke kiransa da shi, wato kwashiyoko.

Nawa ne furotin da ke cikin zogale?

Teburorin sinadaran abinci na Indiya da na Ma'aikatar Noma ta Amurka sun nuna cewa giram 100 na ɗanyen ganyen zogale yana ɗauke da furotin tsakanin giram 7 da 9. Wannan adadi ne babba a tsakanin ganyaye, domin kabeji da latas ba su wuce giram 1 zuwa 2 ba. Kusan kashi 4 cikin 5 na nauyin ɗanyen ganyen ruwa ne. Idan aka busar da shi, kilogiram ɗaya yakan koma giram 200 zuwa 250, sai furotin ɗin ya taru, ya kai giram 25 zuwa 30 a cikin kowane giram 100 na gari.

Daga nan ne maganar cewa zogale ya fi nama ta samo asali, domin giram 100 na ɗanyen naman shanu marar kitse yana da furotin kimanin giram 21 ne. To amma wannan awo bai yi adalci ba, saboda an gwada busasshe da ɗanye. Idan aka busar da nama shi ma, kamar yadda ake yi wa kilishi, furotin yakan kai rabin nauyinsa ko fiye. Daɗin daɗawa, awon da aka fi amfani da shi a ɗakunan gwaji, wanda Johan Kjeldahl ya ƙirƙiro a 1883, sinadarin naitirojin yake aunawa, sannan a ninka sakamakon sau 6.25. Tun da ba duk naitirojin ɗin ganye ne ke cikin furotin ba, adadin yakan ɗan zarce gaskiya.

Lissafin da ya fi muhimmanci shi ne na abin da mutum zai iya ci. Babban cokali guda na garin zogale, in an cika shi ya yi tozo, kimanin giram 8 ne, furotin ɗinsa kuma giram 2 da 'yan kai. Ƙwai ɗaya yana ba da giram 6, daidai da cokali uku ke nan. Don mutum mai kilogiram 60 ya samu giram 50 daga zogale kaɗai, sai ya ci garin da ya kai giram 185, wato cokali 23, ko kuma ɗanyen ganye fiye da rabin kilogiram, a kowace rana ta Allah. Babu cikin da zai ɗauki wannan ba tare da kumburi da gudawa ba. Lamarin yaro ya bambanta kaɗan. Ɗan shekara biyu zuwa uku mai nauyin kilogiram 12 yana buƙatar kimanin giram 12 a rana, saboda haka cokali biyu a cikin kunu ko miya za su biya masa kusan sulusin buƙatarsa. Wannan ba ƙaramin taimako ba ne.

Ingancin furotin ɗin

Wajen inganci, zogale ya taki sa'a. A 1996 masana biyu na Jami'ar Hohenheim ta Jamus, Makkar da Becker, sun buga sakamakon binciken da suka yi a kan ganyen. Sun samu furotin kashi 25 cikin 100 na busasshen ganye, sun kuma tarar cewa yana ɗauke da dukkan muhimman amino asid a ma'aunin da ya dace da buƙatar yara ƙanana. Wannan yana da muhimmanci ga masu cin tuwo, domin gero da dawa da masara duk suna da ƙarancin amino asid ɗin da ake kira lisin, wake kuma yana da ƙarancin metiyonin. Zogale yana taimakawa wajen cike giɓin biyu.

Sai dai abin da ke cikin kwano daban, abin da ya shiga jini daban. Hanji yana narkar da kusan kashi 95 cikin 100 na furotin ɗin nama da ƙwai da madara. Furotin ɗin ganye kuwa yana kulle ne a cikin bangon ƙwayoyin halittar tsiro, wanda ruwan narkar da abinci na ɗan Adam ba ya iya fasawa sosai, don haka wani kaso yana wucewa ba tare da an amfana da shi ba. Haka kuma ganyen yana ɗauke da wasu sinadarai masu hana ruwa gudu. Makkar da Becker sun samu fitet kimanin kashi 3 cikin 100 da saponin kashi 5. Fitet yana kama sinadarin ƙarfe da zinki ya hana hanji tsotse su, oksalet kuma yana yi wa kalsiyam haka. Abin daɗi shi ne tanin ɗinsa kaɗan ne, kuma ba su samu sinadaran nan masu hana narkewar furotin da ake samu a ɗanyen wake ba. Dafawa da dakawa suna fasa bangon ƙwayoyin, su sauƙaƙa narkewa.

Abin da nama ke da shi, zogale ba shi da shi

Babban abin da ya raba nama da kowane ganye shi ne bitamin B12. Ƙwayoyin bakteriya ne kaɗai ke haɗa shi, mutum kuma yana samunsa daga nama da hanta da kifi da ƙwai da nono. Rashinsa yana jawo ƙarancin jini da lalacewar jijiyoyi, kuma jaririn da mahaifiyarsa ba ta da isasshensa yana iya samun tawaya a bunƙasar ƙwaƙwalwa. Duk yawan zogalen da aka ci ba zai toshe wannan kafa ba.

Abu na biyu shi ne sinadarin ƙarfe. Zogale yana da shi da yawa a kan takarda, amma ƙarfen abinci iri biyu ne. Na cikin jini da tsokar dabba, hanji yana tsotse kashi 15 zuwa 35 cikin 100 nasa. Na tsirrai kuwa yakan tsaya tsakanin kashi 2 da 20, kuma fitet yana ƙara rage shi. Wani bincike da aka buga a 2011 a kan mata masu shayarwa a Senegal ya fito da wannan fili. An ba rukuni ɗaya giram 100 na garin zogale a kowane mako har wata uku, ɗaya rukunin kuma aka ba su ƙwayar maganin ƙarin jini. Himogulobin ɗin masu cin zogale ya ɗan ɗaga, amma ajiyar ƙarfen jikinsu ba ta farfaɗo ba kamar ta masu shan magani. Darasin a bayyane yake: mai ciki kada ta ajiye maganin da aka ba ta a asibiti da sunan tana cin zogale.

A ɗaya ɓangaren, zogale yana da abin da tsokar nama ba ta da shi. Yana da sinadarin karotin mai yawa, wanda jiki ke mayarwa bitamin A, mai kare ido daga dundumi. Ɗanyen ganyen yana da bitamin C, yana da kalsiyam da ya ninka na nama sau da yawa, ga kuma harza mai gyara aikin hanji.

Tsame furotin daga ganye

Masana sun daɗe suna neman hanyar raba furotin ɗin ganye da harzarsa. Tun a shekarun 1940, Norman Pirie na cibiyar binciken noma ta Rothamsted a Ingila ya duƙufa a kan wannan aiki. Hanyar ba ta da wuya, kuma duk wadda ta iya awara za ta gane ta. Ana niƙa ɗanyen ganye, a tace ruwansa da ƙyalle mai tsabta, a ɗora a wuta ya yi zafin digiri 80 zuwa 85. Zafi yana sa furotin ɗin ya dunƙule ya taso sama kamar cuku, sai a kwashe, a matse, a wanke. Idan ya bushe, kusan rabin nauyinsa furotin ne, kuma wani kaso na oksalet ya tafi da ruwan. Babban kaso na wannan furotin wani sinadari ne mai suna rubisko, wanda tsirrai ke amfani da shi wajen haɗa abincinsu da hasken rana, ana kuma ɗaukarsa furotin mafi yawa a doron ƙasa.

Kamfanonin da ke ƙoƙarin haɗa naman tsirrai sun fi dogara da waken soya da alkama da wani nau'in wake na ƙasashen sanyi. Furotin ɗin zogale har yanzu ya fi yawa a matakin gwaji, saboda ɗacinsa da koren launinsa da yawan ganyen da ake buƙata kafin a samu ɗan kaɗan. Amma gwajin ya dace da ɗakin kimiyya na makarantar sakandare. Ɗalibai za su iya auna kilogiram ɗaya na ganye, su bi matakan, su auna abin da ya fito, su gane wa idonsu yadda zafi ke sauya siffar furotin.

Hikimar kwaɗo

Idan aka yi wa kwanon kwaɗo lissafi, za a ga cewa matan Hausawa sun riga masana kaiwa ga amsa. Dafaffen ganyen zogale da aka tsane yana da furotin kimanin giram 5 a cikin giram 100. A ɗauka kwanon yana da giram 150 na ganye, furotin kusan giram 8 ke nan. Ƙuli-ƙuli kuwa, da yake an matse man gyaɗar, kusan kashi 40 cikin 100 na nauyinsa furotin ne, don haka giram 40 nasa zai ba da giram 16. Jimla giram 24, wanda ya yi kusa da abin da ake samu a giram 100 na dafaffen nama. Abin lura shi ne kashi biyu cikin uku na wannan furotin daga ƙuli-ƙuli ya fito. Zogale yana ƙara lisin da gyaɗa ke da ƙarancinsa, man gyaɗa yana taimaka wa hanji tsotsar karotin, tumatir da lemon tsami kuma suna kawo bitamin C mai ƙara tsotsar ƙarfe.

Haka abin yake a dambun zogale da miyar zogale da gyaɗa, da faten wake da aka zuba masa ganye. Wake yana da furotin kimanin giram 23 a giram 100 na busasshe, waken soya kuma giram 36. Idan aka haɗa hatsi da wake ko gyaɗa da zogale, aka samu ɗan nono ko ƙwai ko busasshen kifi ko fara sau biyu ko uku a mako, an samu mafi yawan abin da nama ke bayarwa, har da bitamin B12. Shayi mai kauri a kan abinci yana rage tsotsar ƙarfe, ya fi kyau a jinkirta shi da sa'a ɗaya ko biyu.

Shin zogale yana da illa?

Ganyen zogale da 'ya'yansa ɗanyu abinci ne da miliyoyin mutane suka daɗe suna ci a Indiya da Filifin da Afirka ta Yamma ba tare da cutarwa ba. Saiwa da ɓawo kuwa lamarinsu daban ne, domin suna ɗauke da sinadarai masu ƙarfi da ke iya taɓa jijiyoyi, kuma a wasu ƙasashe an san su da tayar da mahaifa. Wajibi ne mai juna biyu ta nisanci jiƙon saiwar zogale da ɓawonsa. Wasu gwaje-gwaje sun nuna cewa garin ganyen yana iya rage sukarin jini, saboda haka mai ciwon sukari ko hawan jini da ke shan magani ya tuntuɓi likita kafin ya riƙa shan garin da yawa. Mai fama da tsakuwar ƙoda ma ya yi hattara saboda oksalet.

Haɗari mafi girma yana zuwa ne daga yadda aka sarrafa shi. Daga ƙarshen 2015 zuwa farkon 2016, mutane 33 a jihohi 23 na Amurka sun kamu da ƙwayar cutar salmonela, aka bi diddigi aka gano cewa garin zogalen da aka zuba a wani haɗin abinci na kanti ne sanadi. A 2019 hukumar kula da abinci da magunguna ta Barazil ta hana sayar da kayan abincin da aka yi da zogale, bisa hujjar cewa ba a gabatar mata da cikakkiyar shaidar rashin illarsa ba, alhali masu talla suna ta yi masa kirarin maganin kowace cuta. A gida kuma, ganyen da bai bushe sosai ba yana yin fumfuna, gyaɗar da ta yi fumfuna kuwa tana iya ɗaukar gubar aflatoksin mai lalata hanta, wadda suya ba ta kashe ta. Ke nan ingancin kwaɗo ya rataya a kan ingancin ƙuli-ƙulin da aka zuba masa.

Darasin Tungar Daji

A watan Maris na 2010, ma'aikatan ƙungiyar likitocin nan ta ƙasa da ƙasa, MSF, sun lura da yawan mace-macen yara a wasu ƙauyukan Zamfara. Yaran sukan fara da amai da jijjiga, maganin zazzaɓin cizon sauro kuma ba ya yi musu aiki. Gwajin jini ya nuna gubar dalma ce. Tashin farashin zinari ya sa mutane sun duƙufa haƙar ma'adinai, duwatsun da ake haƙowa kuma suna ɗauke da dalma mai yawa. Ana kawo su cikin gida a daka a turmi, a niƙa a injin niƙa, a shanya a tsakar gida, ƙura ta baɗe ko'ina. Ƙauyukan da abin ya fi shafa su ne Dareta da Abare da Tungar Daji da Sunke da Duza da Bagega a Ƙaramar Hukumar Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru a Bukkuyum. An ƙiyasta cewa yara kimanin 400 ne suka rasu. A wasu wurare dalmar da ke cikin ƙasa ta haura kashi 100,000 cikin miliyan, alhali iyakar da Amurka ta sanya wa filin wasan yara a lokacin 400 ce.

Daga 2010 zuwa 2011 aka kankare saman ƙasar gidaje a ƙauyuka bakwai aka zuba sabuwa, da taimakon ƙwararrun TerraGraphics da cibiyar Blacksmith, aikin Bagega kuma aka yi shi a 2013. MSF ta yi wa dubban yara maganin fitar da dalma daga jini, kafin ta miƙa aikin ga hukumomin jiha a 2022. Binciken da Simba Tirima da abokan aikinsa suka buga a 2018 ya nuna cewa abinci na cikin hanyoyin da gubar ta bi ta shiga jikin yara, kuma mafi yawan gurɓatar ta auku ne bayan girbi, wajen sussuka da daka da shanya da girki a gurɓatattun gidaje.

Wannan ya shafi zogale kai tsaye. Dalmar da tsiro ya tsotsa daga ƙasa takan fi tsayawa a saiwa, amma ganye yana kama ƙurar da ta sauka a kansa, kuma busarwa tana tara duk abin da ke jikinsa kamar yadda take tara furotin. Tafasa ba ta kashe dalma, domin ƙarfe ce. Hanjin yaro yana tsotsar dalma ninki 4 zuwa 5 na abin da hanjin babba ke tsotsa, kuma tsotsar tana ƙaruwa idan cikinsa ba kome ko jikinsa yana da ƙarancin ƙarfe da kalsiyam, domin dalma tana bin ƙofofin da waɗannan sinadarai ke bi. Saboda haka tsabtataccen zogale yana cikin abincin da ke taimaka wa yaro, gurɓatacce kuwa yana ƙara masa cuta. Zogale ba ya fitar da dalma daga jini. Yaron da ake zargin ya kamu, asibiti za a kai shi a gwada jininsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin dalma a jini da aka san ba shi da illa.

Yadda ya kamata a sarrafa shi

A shuka zogale nesa da wuraren niƙa da wanke duwatsun zinari, kada kuma a ba shi ruwan kududdufin da ake wankin ma'adinai. A tsinki ganye da safe, a wanke shi sau biyu ko uku da ruwa mai tsabta kafin dafawa ko shanya. A shanya shi a inuwa, a ɗakin da iska ke ratsawa, a kan tabarma ko faifai mai tsabta da aka ɗaga daga ƙasa, a lulluɓe da ƙyalle marar kauri. Hasken rana kai tsaye yana lalata karotin da bitamin C. Idan ganyen ya bushe har yana murmushewa a hannu, sai a daka a turmin da bai taɓa ganin dutsen ma'adinai ba, a tankaɗe, a zuba a mazubi mai murfi, a ajiye a wuri mai duhu, a yi amfani da shi cikin 'yan watanni.

Wajen girki, kada a daɗe ana tafasa shi, a kuma rage kanwa, domin tana lalata bitamin C da wasu bitamin na rukunin B. Garin ya fi kyau a zuba shi a kunu ko miya dab da saukewa, ya ɗan tafasa. Jariri ɗan ƙasa da wata shida nonon uwa kaɗai ya dace da shi. Bayan wata shida ana iya fara masa da ƙaramin cokali a kunu, a riƙa ƙarawa sannu a hankali. Yaron da ƙafafunsa suka kumbura ko ya rame ƙwarai ya wuce matakin zogale, a gaggauta kai shi cibiyar kula da masu tamowa, inda ake ba da abinci na musamman da magani.

Kammalawa

Amsar tambayar farko ita ce zogale shi kaɗai ba zai maye gurbin nama ba, saboda yawan da za a ci ya fi ƙarfin ciki, kuma ba shi da bitamin B12, ƙarfensa ma ba ya shiga jini sosai. Idan aka haɗa shi da hatsi da wake da gyaɗa, aka tallafa da ɗan nono ko ƙwai ko kifi, yana rage wa gida buƙatar nama ƙwarai da gaske, a kan kuɗi kaɗan. Amsar ta biyu tana hannun masu shanya da daka, domin turmi da tabarma da ruwan wanki su ne ke raba abinci da guba a yankin da ake haƙar zinari. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Makarantar da ta shuka layin zogale a jikin shingenta, ta koya wa ɗalibai lissafin cokali da ƙa'idar shanya, ta aika da wannan ilmi zuwa gidaje masu yawa a Anka da Gummi da Bukkuyum ta hannun 'ya'yansu.